Katin sauti na waje a binciken ji: matsalolin fitar da sauti da yadda ake gano su

Katin sauti na waje wata 'yar na'ura ce da ake jona wa kwamfuta, galibi ta kafar USB. Aikinta shi ne ta karɓi lambobin da kwamfuta ta ajiye, ta mayar da su wutar lantarki mai kaɗawa, ita kuma lasifikar kunne ta mayar da wutar sauti. Masu haɗa waƙa a situdiyo su ne manyan masu sayen ta, kuma kamfanoni irin su RME na Jamus da Focusrite na Ingila da MOTU na Amurka domin su suke ƙera ta. Masu binciken ji sun ɗauko ta ne saboda katin da ke cikin laftof yana da hayaniya, ba shi da ƙarfin tura manyan lasifikun kunne, sannan na'urorin da aka ƙera musamman don ɗakin gwaji, irin na kamfanin Tucker-Davis Technologies, suna da tsada kuma ba su ɗaukuwa zuwa makaranta ko ƙauye cikin sauƙi.

Bukatar mai bincike ta sha bamban da ta mai sauraron waƙa. Shi mai sauraro, in dai sauti ya fito da daɗi, shi ke nan. Mai bincike kuwa dole ya san ƙarfin abin da ya shiga kunne a ma'aunin desibel, da yawan kaɗawarsa a sakan, wato mitarsa da ake aunawa da Hz, da kunnen da ya shiga, da lokacin da ya fara har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na sakan, wato milisakan ɗaya. Shi ya sa katin da ya yi shiru ɗif bai cika tayar da hankali ba, tunda kowa ya san akwai matsala. Abin tsoro shi ne katin da ke fitar da sauti lafiya ƙalau a kunne, alhali ba shi ne sautin da aka tura masa ba.

Hanyar da sauti ke bi

Kafin sauti ya kai kunne yana ratsa hannuwa da yawa. Manhajar gwaji ce ke ƙirƙirar lambobin, kamar Psychtoolbox da David Brainard da Denis Pelli suka gabatar a 1997, ko PsychoPy na Jonathan Peirce na Jami'ar Nottingham. Daga nan sai wata manhajar tsakani, sau da yawa PortAudio, ta miƙa su ga tsarin kwamfutar, shi kuma ya miƙa wa direban katin, wato manhajar da ke sarrafa katin. A kwamfutar Apple hanyar ita ce Core Audio, a Linux kuma ALSA ce a can ƙasa. Windows ce ke da ƙofofi barkatai: tsofaffin MME da DirectSound, da WASAPI da ta zo tare da Windows Vista, da kuma ASIO da kamfanin Steinberg ya fitar a 1997 domin manhaja ta yi magana da kati kai tsaye. Kati guda yana iya bayyana sau uku ko huɗu a jerin na'urori, sau ɗaya a kowace ƙofa, kuma halinsa ba ɗaya ba ne a cikinsu.

Idan babu sauti sam

Wannan ne mafi sauƙi. Yawanci manhajar na tura sautin ne zuwa lasifikar laftof, domin an kira katin da lambarsa a jerin na'urori, lambar kuwa tana canzawa duk sanda aka jona wani abu ko aka cire. Kiran kati da sunansa ya fi tabbas, sai dai a lura MME tana datse suna a haruffa 31. Wani lokaci wata manhajar ce ta riga ta kama katin ta hana kowa, wani lokaci kuma mahaɗin sauti na cikin katin ne ya karkatar da hanyar zuwa wata kafa daban. Haka kuma an fi so a jona katin kafin a buɗe manhajar gwaji, tunda da yawansu a lokacin tashi kaɗai suke duba na'urorin da ke nan. Akwai kuma batun wuta: kafar USB 2.0 miliamfiya 500 take bayarwa, ta 3.0 kuma 900, don haka katin da ke rayuwa da wutar USB zai iya mutuwa yana farfaɗowa idan an jona shi ta cikin mararrabar USB mai arha tare da wasu kayan.

Ƙas-ƙas da yankewa

Kwamfuta ba ta tura sauti ɗigo-ɗigo. Tana zuba shi ne a wani ɗan mazubi da ake kira bafa, kati na ɗiba daga ciki. Idan ta makara wajen cikawa, kati ya tarar da mazubi wayam, sai a ji ƙas. Kowace lamba ɗaya ta sautin ana kiran ta samfur. Bafa mai samfur 256, a kan samfur 48,000 a sakan, milisakan 5.3 kacal take ɗauka kafin ta ƙare. Mai 64 kuwa ba ta kai milisakan ɗaya da rabi ba. Laftof an gina ta ne don tattalin batir, tana rage gudun kanta tana kwantar da kafofin USB, ga direban Wi-Fi da kan riƙe kwamfutar na 'yan milisakan. Magani shi ne a ƙara girman bafa, a sa tsarin wuta a kan cikakken ƙarfi, a hana USB barci, a kashe Wi-Fi da Bluetooth lokacin gwaji. A Windows ana amfani da manhajar LatencyMon don gano direban da ke cin lokaci.

Ba kowane ƙas ne laifin kwamfuta ba. Amon da aka fara shi ko aka tsayar farat ɗaya yana yin ƙas da kansa, kuma wannan ƙas ɗin yana watsuwa a kan mitoci da yawa, har wanda ba ya jin amon ya ji shi ya ɗaga hannu. Saboda haka ake sa amo ya taso a hankali ya sauka a hankali cikin 'yan milisakan. Haka nan lambobin sauti iyakarsu daga -1 zuwa +1. Abin da ya haura sai a aske masa kai, ya fito da ƙarin amo da ba a gayyata ba. Wasu katunan kuma suna haɗiye farkon sauti idan sun jima a zaune, shi ya sa ake barin hanyar a buɗe tana tura shiru tsakanin gwaji da gwaji.

Sautin da ya fito amma ba shi ba ne

Nan ne aka fi yin asara, kuma nan ya kamata mai bincike ya fi zuba ido. Misali na farko shi ne saɓanin yawan samfur. Fayil da aka shirya a kan 44,100 a sakan, idan kati ya karanta shi a kan 48,000 ba tare da an juya shi ba, komai zai yi sama da kusan kashi 9 cikin ɗari: amon Hz 1000 zai koma 1088, kuma ya fi guntu. Kunne ba zai ce komai ba, tunda amo ne mai tsabta. Ga wanda ke nazarin yadda ake jin karin sauti da tsawon wasali a harshe irin Hausa, inda hawa da saukar murya ne ke raba wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha, wannan ya taɓa ainihin abin da ake aunawa.

Na biyu, hannun tsarin kwamfuta. Idan Windows tana raba kati tsakanin manhajoji, ita ce ke gauraya sautukan, ta juya yawan samfur zuwa wanda aka saita mata, ta kuma shafa musu duk kwalliyar da aka kunna: daidaita ƙarfi, ƙarin kauri, sautin kewaye. Akwai ma saitin da ke rage sauran sautuka da kashi 80 cikin ɗari idan ta zaci ana kiran waya, da wanda ke haɗe kunnen hagu da na dama su zama ɗaya don taimakon masu ji da kunne guda. Wannan na ƙarshe alheri ne ga wanda aka yi shi dominsa, amma yana rushe duk gwajin da ke bukatar kowane kunne ya ji nasa. Mafita ita ce a bi ta ASIO na kamfanin da ya ƙera katin, ko ta WASAPI a yanayin da manhaja ɗaya ke mallakar katin ita kaɗai. A cikin manhajar lissafi ta MATLAB ma akwai tarko: umarnin soundsc yana buɗe kowane sauti ya cika ma'auni, ta yadda mai ƙarfi da mai rauni za su fito kai ɗaya.

Na uku, rage ƙarfi da lissafi. Kowane bit ɗaya, wato gurbin 0 ko 1 da ake rubuta lambar samfur da shi, daidai yake da kusan desibel 6, don haka bit 16 na ba da faɗin desibel 96. Idan aka rage sauti da desibel 60 a cikin manhaja don neman mafi ƙarancin abin da mutum ke iya ji, an zubar da bit 10 ke nan, saura 6, amon ya fito da kaushi. Bit 24 ya fi dacewa da wannan aiki, ko kuma a rage ƙarfin da na'ura bayan sautin ya bar katin.

Jinkiri

Tsakanin lokacin da manhaja ta ce a fara da lokacin da sauti ya fito akwai tazara. Idan tazarar ba ta canzawa, a auna ta a cire. Wadda ke canzawa daga gwaji zuwa gwaji ita ce ke ɓata sakamako. Amsar jijiyar ji da Jewett da Williston suka bayyana a 1971 tana faruwa ne cikin milisakan 10 na farko bayan sauti, babban tudunta na biyar a zanen awo kuma wajen milisakan 6. Rawar milisakan biyu ko uku ta isa ta shafe shi idan aka tara amsoshi dubu. Dabarar da ta fi inganci ita ce a keɓe wata kafa ta katin ta riƙa tura alamar farawa zuwa na'urar auna ƙwaƙwalwa, domin sauti da alamar su fito a kan agogo guda. Sannan a tuna lasifikar da ake cusawa a kunne mai bututu, irin ER-3A, tana ƙara kusan milisakan 0.9. A gwajin gane inda sauti ya fito abin ya fi haka tsanani: mutum na iya gane bambancin kusan maikrosakan 10 (kashi 10 cikin miliyan na sakan) tsakanin kunnuwansa biyu, alhali samfur ɗaya a kan 48,000 maikrosakan 21 ne. Lasifikar Bluetooth ba ta da gurbi a irin wannan aiki.

Gunjin wuta

Gunji mai kauri da ba ya tsayawa yawanci na wutar gida ne, Hz 50 a Turai da Najeriya da Nijar, 60 a Amurka. Yana shigowa ne idan na'urori biyu da ke haɗe sun sami wayar kariya da ke kai wuta ƙasa ta hanyoyi daban. Gwajin farko shi ne a zare caja: in gunjin ya ɗauke, an kama mai laifi. Inda ake aiki da janareta ko ƙaramar inbata, gudanar da gwaji a kan batir ya fi tsabta, muddin an hana laftof rage gudunta. Ba a cire ƙafar ƙasa ta fulogi don kashe gunji, balle ga mutum zaune da wayoyi a kansa.

Awo a bakin lasifika

Lambar da ke kan allon kwamfuta ba ta nuna desibel nawa ne ke shiga kunne. Wannan ya dogara da katin, da maɓallin ƙarfinsa, da lasifikar: TDH-39 mai om 10 (ma'aunin turjiyar wuta) da Sennheiser HD 650 mai om 300 ba za su amsa wa kati guda iri ɗaya ba. Ana ɗora lasifikar a kan kunnen wucin gadi na awo, irin wanda ƙa'idar IEC 60318-1 ta fayyace, bayan an gwada makirufonsa da amon desibel 94 a Hz 1000, sannan a auna kowace mita da kowane kunne daban. Ƙa'idojin ISO 389 ne ke faɗin matakin da ake ɗauka a matsayin sifiri na jin lafiyayyen kunne ga nau'ikan lasifikar da suka ƙayyade. Da an gama, sai a liƙe maɓallin ƙarfi da salatef a sa masa alama.

Akwai kuma gwaji mai arha da ya kamata a yi kafin komai: a ɗauko waya a haɗa mafitar katin da mashigarsa, a tura sauti a naɗe shi, a kwatanta abin da ya tafi da abin da ya dawo. Yankewa, da canjin mita, da musayar hagu da dama, da rawar jinkiri, duk za su fito a hoto. Ana maimaita shi bayan kowane sabunta Windows ko direba, domin sabuntawa kan mayar da saituna yadda suke tun farko. Sautin sanarwa na kwamfuta a bar shi a lasifikar laftof, kada ya bi ta katin, don kati da aka buɗe domin gwaji mai ƙarfi zai iya jefa shi cikin kunnen mutum da ƙarfin da zai cutar. Mai gwaji shi ke fara sa lasifikar a kunnensa kowace safiya, ya saurari hagu, ya saurari dama, kafin ya kira mutum na farko.