Me ake nufi da "bugun zafi", kuma me ya sa ya fi samun tsofaffi a cikin ɗaki?

Duk shekara da zarar hazo ya ɗauke an shiga bazara, daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, sai ka fara cin karo da sanarwar hukumar hasashen yanayi ta NiMet a rediyo da Facebook cewa za a yi tsananin zafi, jama'a su yi hattara da bugun zafi. Kalmar ta shiga bakin mutane sosai amma na lura da yawa ba su san me take nufi ba. Wasu gani suke ciwon kan nan ne da ke kama wanda ya wuni a rana a kasuwar Wuse, wasu kuma in sun ji likita ya ce hit sitirok, wato sunansa da Turanci, sai hankalinsu ya tafi kan sitirok ɗin nan na shanyewar ɓarin jiki. Toh sunan ne kawai ya zo ɗaya, ciwon daban ne. Shanyewar ɓarin jiki daga jijiyar jini ta ƙwaƙwalwa yake zuwa, ko ta toshe ko ta fashe. Shi kuma bugun zafi jiki ne ke ɗaukar zafi har ya fi ƙarfin hanyoyin da yake bi yana huce kansa.

Zafin jikin mai lafiya wajen digiri 37 ne a ma'aunin salshiyos, kuma jiki na ƙoƙarin tsayawa a nan ko ana hunturu ko ana bazara. In zafi ya yi yawa abu biyu yake yi. Yana turo jini zuwa fata don zafin ya fita, shi ya sa zuciya ke ƙara bugawa, sannan yana fitar da zufa, ita kuma zufar ba fitowarta ke sanyaya mutum ba, bushewarta a kan fata ce ke tafiya da zafin, kamar dai yadda randa ke tsatso ruwa ta waje iska ta busar da shi ruwan ciki ya yi sanyi. In ruwan jiki ya yi ƙasa ko zuciya ta kasa wannan aikin, sai zafin ya fara taruwa a ciki. Da farko mutum zai galabaita, jiri, kasala, ciwon kai, tashin zuciya, zufa sharkaf, wani lokacin jijiyar ƙafa ta riƙe. Wannan matakin in an kai shi inuwa an ba shi ruwa yakan dawo daidai cikin kamar rabin awa. In kuwa aka bar shi zafin jikin ya kai digiri 40 ko ya wuce, har ya taɓa ƙwaƙwalwa mutum ya fara ruɗewa ko sambatu ko faɗuwa ko suma, shi ne bugun zafi, kuma yana iya lalata ƙoda da hanta ya kashe mutum cikin 'yan awanni.

Ni a kan mahaifiyata na san shi. Inna duk rayuwarta a Jos ta yi, garin da ke kan tudu sama da mita 1,200, inda ko a watan Maris da daddare sai ka ja mayafi. Na ɗauko ta zuwa wajena a Kubwa don a duba mata ido, muka iso tsakiyar zafi. Kwana na huɗu na dawo daga aiki wajen la'asar, tun safe babu wuta, na same ta zaune a bakin gado da hijabinta mai kauri, taga a rufe saboda tana gudun sauro. Na ce Inna sannu da gida, sai ta kalle ni ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu shekaru da dama, tana tambaya wai an kai wa Malam abinci. Na taɓa wuyanta zafi rau kamar an sauke tukunya, amma fatar a bushe ƙamas, babu ko ɗigon zufa. Kofin ruwan da na ajiye mata da safe yana nan yadda na bar shi, ko kurɓa ba ta yi ba. Wallahi abin da ya fara zuwa raina shi ne ruɗewar tsufa ta fara, sai kuma na ce ko maleriya ce ta hau mata kai. Maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya ce, ita ce tana shigowa ta ce a cire hijabin nan yanzu yanzu a kawo ruwa a bokiti, muka jiƙa zannuwa muka lulluɓa mata, yara biyu na fifita da mafici da murfin kwali, a haka muka sa ta a mota zuwa asibiti. Kwana biyu ta yi ana mata ƙarin ruwa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne ko ƙofar gida ba ta fita ba. Mu a tunaninmu rana ce ke bugun mutum, manomi ko ɗan acaɓa ko mai tura baro, kuma gaskiya ne suna kamuwa. Amma irin wanda ke kama tsofaffi a hankali yake zuwa, kwana biyu kwana uku na zafi a jere, ɗaki mai rufin kwano babu silin, bangon siminti ya sha rana ya wuni sannan da daddare ya dinga amayo zafin, jiki bai samu ko awa ɗaya ya huce ba. Duk wanda ya taɓa kwana a irin gidajen hayan nan na Nyanya ko Mararaba ko Gwagwalada a watan Maris ya san me nake faɗa. Ga kuma lokacin da hadari ya fara haɗuwa ruwa bai sauka ba, iska ta yi nauyi da laima, zufa ta fito ta ƙi bushewa. A irin ranar ko wayarka ta nuna 35, abin da jiki ke ji ya wuce haka nesa.

Jikin tsoho kuma ba ya kai ƙara da wuri. Jin ƙishirwa na raguwa da shekaru, mutum ruwan jikinsa ya yi ƙasa amma maƙogwaronsa bai gaya masa ba, don haka in Inna ta ce ni ba na jin ƙishi 'yar nan, iya gaskiyarta ta faɗa. Zufa ma ba ta fita kamar ta matashi, zuciya ba ta da ƙarfin da, ƙoda ba ta riƙe ruwa kamar da. Sai kuma cututtukan da yawancin iyayenmu ke fama da su, hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya. Suga in ya hau yana sa yawan fitsari, wasu magungunan hawan jinin ma aikinsu kenan su sa fitsari, kin ga ruwa na fita ta can ga zafi na ja ta nan. Amma dan Allah kar wani ya karanta wannan ya je ya dakatar wa Baba da magani da kansa, a koma wajen likitan da ya rubuta a tambaye shi yadda za a yi a lokacin zafi. Haka wanda ke da ciwon ƙoda ko na zuciya da aka ƙayyade masa yawan ruwan da zai sha, shi ma likitansa ne zai faɗa.

Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba, sai wanda ya zauna da tsoho. Da yawa da gangan suke rage shan ruwa. Gwiwa na ciwo, banɗaki na waje ko na tsuguno ne, tashi cikin dare wahala ne, ga son riƙe alwala daga azahar har la'asar, ga kunyar kar a ce sun dami mutane a gidan ɗa ko gidan suruki. Inna daga baya ta faɗa min da bakinta cewa ba ta son ta dinga wucewa ta falo gaban mijina tana zuwa banɗaki. Na ji wannan maganar har cikin raina, don ni ce ya kamata in lura tun ranar farko.

Kuma kar a ɗauka abin namu ne na talauci kawai. A watan Agustan 2003 zafi ya kashe mutane kusan 15,000 a Faransa, yawancinsu tsofaffi, da yawa su kaɗai a cikin ɗakunansu. A hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutane sama da 1,300 suka rasu, lokacin da zafi a Makka ya haura digiri 51. A farkon Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, ana cikin azumi. Mu nan sau da yawa sai dai ka ji an ce wane ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya, zazzaɓi ne na kwana ɗaya, kuma kowa ya san yadda sanarwar rasuwar dattawa ke yawa a bazara. Ajali na Allah ne, amma shi ya umarce mu da neman magani da kiyaye amanar da ya ba mu.

In kin samu tsoho jikinsa zafi kuma hankalinsa ba daidai ba a ranar zafi, a fara sanyaya shi tun kafin a samu mota, kar a jira. A kai shi inda ya fi iska, a rage masa kaya, a zuba masa ruwa a jiki ko a lulluɓa zane jiƙaƙƙe ana sake jiƙawa ana fifita, in akwai ƙanƙara ko fiya wata mai sanyi a naɗe a tsumma a sa a wuya da hammata da matsematsi. Maganar nan da ake yi cewa ruwan sanyi zai sa masa sanyi a ƙashi, a ajiye ta gefe a wannan lokacin. In ba ya cikin hayyacinsa kar a ɗura masa ruwa a baki, zai iya shaƙewa, a kwantar da shi ta gefe. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin tunda ba zazzaɓin cuta bane, kar a tsaya jiran ya yi aiki. Kuma a tafi asibiti ko da ya fara dawowa, saboda bazara lokacin sanƙarau ne, ita ma tana zuwa da zafin jiki da ruɗewa da sanƙarewar wuya, maleriya mai tsanani ma haka, a gida ba za a iya bambance su ba.

Fanka ma akwai abin lura. In ɗaki ya fi jikin mutum zafi, iska mai zafi kawai take kaɗo masa, ga tsohon da zufarsa ba ta fita sosai amfaninta kaɗan ne sai an haɗa da jiƙa fata. Shi ya sa tawul jiƙaƙƙe a wuya da tsoma ƙafa a roba mai ruwa suka fi fanka ita kaɗai.

Yanzu in Inna za ta zo, ina ƙoƙarin ya zama da damina ko da hunturu, in kuwa dole ne a bazara to satin farko ba ta zuwa ko'ina da rana, don jiki na bukatar sati ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da sabon zafi. Na daina ce mata Inna za ki sha ruwa, don amsar a'a ce kullum. Kofin nake miƙa mata a hannu in tsaya muna hira har ta shanye, bayan kowace sallah kofi ɗaya, sai na sassafe da na lokacin cin abinci. In ta gaji da ruwa zalla akwai kankana da kokwamba da lemo, da zoɓo ko kunun zaƙi marar suga da yawa, da fura da nono mai ruwa-ruwa. Ranar da ta yi gudawa ko ta yi zufa da yawa sai a haɗa mata ruwan gishiri da suga na leda da ake sayarwa a kemis, a lita ɗaya na ruwa mai tsafta. Na kuma koya wa yarinyar da ke zama da ita ta dinga tambayar launin fitsari, in ya yi duhu kamar ruwan shayi ko ya yi kaɗan to ruwa bai isa ba. Hijabi mai kauri na fita ne, a ɗaki atamfa ce da ɗankwali marar nauyi. Taga a rufe labule da rana ta gefen da rana ke bugawa, da yamma a buɗe ko'ina a ɗaura gidan sauro, na kuma sa mata fo a ɗakin saboda dare.

Maganar azumi ce ta fi wuya, tunda Ramadan na 2024 da na 2025 a tsakiyar bazara suka faɗo, duk sun ci watan Maris. Ka ce wa dattijuwar da ta shekara sittin tana azumi ta sha, sai ta ji kamar ka ce ta bar addini. Ni ban iya ba, sai da ƙanin mahaifinmu ya kira ta a waya ya karanta mata ayar da ke cikin suratul Baƙara, ya yi mata bayanin rangwamen da aka yi wa tsoho da marar lafiya da yadda ake ciyarwa a madadin kowace rana. Ya kuma tuna mata hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Annabi (SAW) ya ce in zafi ya tsananta a jinkirta sallah har a samu sanyi. Ta yi shiru ta ce toh Allah ya karɓa mana. Bana ranakun da gari ya yi sauƙi ta ɗauka, ranakun da ya tsananta ta sha, mu kuma muka dinga auna hatsi ana kai wa wata bazawara mai marayu a layinmu.

Wanda nake tunani yanzu shi ne wani dattijo mai gadi a bayan layinmu, ɗakinsa na kwano ne sama da ƙasa, iyalinsa na can ƙauye. Yarana na aikawa da ruwan sanyi a kula ƙarfe biyu na rana, na ce musu kar su ajiye su juyo, su gaishe shi su tambaye shi yau wace rana ce, in ya amsa daidai su dawo, in maganarsa ta sauya su rugo su kira ni.