Bayan tiyatar kansar dubura: tiyata ta biyu da matsalar bayan gida

An ce an cire ciwon, to me ya kawo tiyata ta biyu?

Sau da yawa tun farko aka tsara ta. Idan likita ya yanke inda ciwon yake, ya haɗa babban hanji da ragowar dubura, yakan fito da ƙaramin hanji ta gefen ciki a manna jaka, don ɗinkin ya warke ba tare da bayan gida ya bi ta kansa ba. Bayan kamar wata uku, ko bayan an gama kemo (magungunan kashe ƙwayoyin kansa), sai a yi tiyata ta biyu a mayar da hanjin. Tiyatar da ake gudu ita ce ta gaggawa, wato idan ɗinkin ya yi yoyo, ƙazanta ta zuba a cikin ciki. Zazzaɓi da ciwon ciki mai tsanani a kwanakin farko ba abin jira ba ne.

In an cire jakar, shi ke nan an koma daidai?

Ina! Nan ne ma ya kamata likitoci su riƙa yi wa mutane bayani tun kafin a shiga tiyata. Dubura ma'ajiya ce, in aka rage ta, hanjin da aka jawo bai iya riƙo kamar ita ba. Sai ka ga mutum ya fito daga ban-ɗaki, bai gama ajiye buta ba ya sake juyawa, haka sau huɗu ko biyar a jere. Wani ba ya iya bambance tusa da bayan gida. Likitoci na kiran wannan LARS. A 2012 masana a Aarhus ta Denmak suka fitar da ma'auninsa: tambayoyi biyar, maki 0 zuwa 42, daga 30 zuwa sama ya yi tsanani. Ya fi kama wanda aka yi wa ɗinki can ƙasa, ko aka gasa masa kansar da hasken na'ura, ko ɗinkinsa ya yi yoyo.

Yana sauƙi kuwa?

Yawanci yana raguwa cikin shekara ɗaya zuwa biyu, amma ba kowa yake rabuwa da shi ba. Ana ba da loperamide, maganin tsayar da gudawa, a gyara cima, a koyar da atisayen matse tsokar dubura, ko wanke hanji da ruwa ta dubura. In duk ya ƙi, wasu da kansu suke zaɓar jakar dindindin, kuma ba faɗuwa ba ce.

Alwala fa?

Fikihu ya yi wa mai lalura sassauci. A yi wa malami bayani dalla-dalla, kada kunya ta hana mutum zuwa masallaci.