Ɓatacciyar Mahaƙar Zinare ta Lost Dutchman

Lost Dutchman sunan wata mahaƙar zinare ce da ake cewa tana ɓoye a duwatsun Superstition, cikin hamadar Sonora, gabas da birnin Phoenix a jihar Arizona ta Amurka. Sama da shekara 130 ke nan ana nemanta, har yau ba wanda ya nuna bakin raminta.

Labarin ya samo asali daga Jacob Waltz, wani Bajamushe da ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya yi aikin haƙar ma'adinai, daga baya ya koma noma a gefen kogin Salt. "Dutchman" na nufin ɗan Holan, amma shi ba ɗan Holan ba ne, sai dai a wancan zamani Amurkawa "Dutch" suke kiran Jamusawa. A watan Fabrairun 1891 ambaliya ta cinye gonarsa, ciwon huhu ya kwantar da shi. Wata mata mai suna Julia Thomas ta yi jinyarsa har ya rasu ranar 25 ga Oktoba, 1891. An ce an tarar da akwatin duwatsu masu zinare a ƙarƙashin gadonsa, kuma wai kafin ya cika ya kwatanta mata hanyar. A 1892 ta shiga duwatsun ta dawo hannu rabbana, sai ta koma sayar da taswirori. Daga nan zance ya yi ta ƙaruwa, aka haɗa shi da labarin iyalan Peralta na Meziko, waɗanda aka ce 'yan ƙabilar Apache sun hallaka su suna ɗauke da zinare.

Abin da ya fi yayata labarin shi ne mutuwar Adolph Ruth. A watan Yunin 1931 wannan dattijo ya shiga duwatsun da taswira a hannu, bai dawo ba. A Disamba aka tsinci ƙoƙon kansa da huji biyu. Wasu suka ce harsashi ne, hukuma ba ta yarda kisa ba ne. Jaridu suka baza labarin, masu nema suka yi ta kwarara, yawancinsu suna kewaya wani dogon dutse mai tsini da ake kira Weaver's Needle.

Abin takaici, rayuka da dama sun salwanta a haka. Wuri ne na kwazazzabai masu kama da juna, ruwa ba yawa, zafi kuma yakan haura digiri 40. Ko a 2010 mutum uku daga jihar Utah sun shiga nema, sai gawarwakinsu aka samu.

Masana ilmin ƙasa kuwa suna shakka, domin aman wuta ne ya samar da duwatsun, kuma ba a ga alamar jijiyar zinare mai yawa a cikinsu ba. Wasu na ganin daga wani wuri Waltz ya samo nasa, tunda an haƙi zinare a Goldfield da ke kusa. Tun 1984 doka ta rufe sabon haƙar ma'adinai a gandun dajin da duwatsun suke ciki, ko da mutum ya gano ramin.