In jikin mai shan maganin kuturta ya tashi, ya ake gane ya yi tsanani?

Mi ake nufi da jiki ya tashi?

Shi ne abin da ma'aikata ke cewa riyakshan. Mutum na cikin shan magani, wani ma ya gama, sai tabon ya kumbura yai ja yana zafi, wannan nau'i na 1 kenan. Na 2 kuma ƙuraje ne masu tauri ƙarƙashin fata, ga zazzaɓi ga ciwon gaɓoɓi. Ba maganin ne ya ƙi shi ba, garkuwar jikinshi ce ke rigima da ƙwayar cutar, don haka ba a dena sha.

To da ido ake ganewa?

Nan mutane ke kuskure wallahi, sai a kawo mutum asibitin Babbar Ruga da ke Katsina ana salati don fuska ta kumbura, ga wani gefe zaune shiru fatarshi lafiya lau amma ƙaramin yatsanshi ya fara sanyi, kuma shi ne abin tsoron. Jijiya ake bi. Ma'aikaci zai taɓa ta wajen gwiwar hannu ya ga ko ka zabura, ya ce rufe ido ya duba ko sun rufu ruf, ya ce buɗe ƙaramin yatsa yana turawa kana riƙewa, ya ce ɗaga ƙafa. Ƙarfin ana ba shi maki daga 0 zuwa 5. Sannan ka rufe ido a riƙa ɗora maka wani siririn zaren roba a tafin hannu da tafin ƙafa kana nuna inda ka ji, in babu zaren bakin biro ma yana yi.

Nau'i na 2 fa?

Yana da ma'auninshi, ENLIST, abu 10 ake dubawa, kowanne maki 0 zuwa 3: zafin ciwo, zazzaɓi, yawan ƙuraje, kumburin hannu da ƙafa, kaluluwa da sauransu. 8 zuwa ƙasa mai sauƙi ne, daga 9 ya wuce wasa.

Lissafin mi zai ƙara ma mara lafiya?

Shi ke raba wanda maganin zafi ya isa da wanda za a ɗora ma prednisolone, maganin rage kumburi, na watanni ana ragewa a hankali. Kuma in ka dawo ana gwada makin yau da na wancan zuwan, shi ya sa nake faɗa da masu yar da kati.

Za a iya jira a ga ko zai faɗa da kanshi?

A'a. Jijiyar da ta haura wata 6 da mutuwa da wuya ta dawo. In ido yai ja ko ya ƙi rufuwa, ko takalmi na zamewa ba ka ji ba, a ranar za a zo asibiti.