Takardun kwantena: tambayoyi da amsoshi kafin kayanka su maƙale a tashar jiragen ruwa ta Apapa

Masu ɗauko kaya daga Guangzhou, Yiwu, Dubai ko Turkiyya, musamman 'yan Kwari da Sabon Gari, ga tambayoyin da aka fi yawan yi kan takardu.

Wai da gaske kuskuren harafi ɗaya zai iya tsayar da kwantena guda?

Sosai ma kuwa Alhaji. Kafin jirgi ya iso, kamfanin jirgin ya riga ya tura wa kwastam manifes, wato jerin duk kayan da ya ɗauko da sunan mai kowanne, kuma daga BL ɗinka, wato takardar lodin kaya da kamfanin jirgi ke bayarwa, aka kwafo shi. Toh in ejan ɗinka mai fitar maka da kaya daga kwastam ya zo shigar da bayanai aka ga lambar kwantena ko sunan mai kaya bai yi daidai da abin da ke manifes ba, shikenan an tsaya, sai kamfanin jirgi ya gyara, su kuma ofishinsu na Legas yawanci ba sa taɓa komai sai wanda ya loda kayan can ƙasar ya nemi gyaran, kaga kana Kano, ejan yana Apapa, mai gyaran yana Sin yana barci lokacin da ku kuke ido biyu, ga kuɗin gyara, ga kwanaki suna tafiya. Lambar kwantena haruffa 4 ce da lambobi 7, ɗaya ta kauce ta zama wata kwantenar daban.

Wane kuɗi ne ke hawa in an yi jinkiri?

Biyu ne, mutane suna haɗa su. Akwai dimarej, na kamfanin jirgi ne saboda ka riƙe musu kwantena bayan kwanakin kyauta sun ƙare. Akwai kuɗin ajiya, wannan na masu tamina ne, wato masu kula da filin ajiye kwantena a tasha, saboda filinsu da ka tare. Kowa da nasa lissafin, kuma hawa-hawa yake, na mako na uku ya fi na makon farko zafi, Asabar da Lahadi ma ana ƙirgawa. In abin ya ja da yawa kayan su faɗa obataim, wato sun wuce wa'adin da aka ba su a tasha, daga nan sai maganar gwanjo.

Waɗanne takardu zan duba, kuma me zan duba a ciki?

Form M (fom ɗin shigo da kaya da ake buɗewa ta banki), inbois na ƙarshe (takardar farashin kaya), fakin lis (jerin yadda aka ɗaure kayan da yawansu), BL, takardar asalin kaya, inshora, sai PAAR, wato rahoton ƙiyasin diyuti da kwastam ke fitarwa, tun ƙarshen 2013 su ke yinta da kansu. Amma kar ka karanta su ɗaya bayan ɗaya kamar jarida, a haka ba za ka ga komai ba. Buga su a takarda ka shimfiɗa gefe da gefe, ka ɗauki abu ɗaya ka bi shi cikin dukkansu.

Fara da suna. Yadda sunan kamfaninka yake a rajistar CAC da lambar harajinka ta TIN haka zai fito a ko'ina, ba nan a sa Limited can a sa Enterprises ba, ba kuma sunan shago a inbois sunanka na yanka a BL ba. Sai lambar Form M, dole ta fito a jikin BL da sauran takardun, masu kaya na waje suna yawan mantawa da ita don su a wajensu ba ta da wata ma'ana. Sai yawan katan ko dila, in fakin lis ta ce 820 BL ta ce 802 to wani ya juya lamba, kuma ranar duba kaya jami'i ba zai ce maka kuskuren buga rubutu ba ne, cewa zai yi ina sauran 18 suka fito. Nauyi ma haka, tun Yulin 2016 dokar jiragen ruwa ta duniya ta wajabta auna kwantena kafin a loda ta, don haka nauyin gaskiya yana rubuce a wani wuri, kar naka ya sha bamban. Lambar sil kuma, wato hatimin da ake kulle kwantena da shi, ka sa a ɗauko maka hotonta a jikin ƙofar kwantena ranar lodi tare da lambar kwantenar, ka gwada da ta BL, aikin minti biyu ne wallahi amma mutane ba sa yi.

Kwanan wata ma a duba, Form M ake fara buɗewa banki ya amince sannan a loda kaya, ba a loda a dawo ana neman Form M ba.

Yaushe ya kamata a yi duk wannan?

Lokacin diraf. Kamfanin jirgi ko mai tura kaya yana fitar da diraf ɗin BL kafin ta asali, a nan gyara kusan kyauta ne, saƙo ɗaya a WeChat ko WhatsApp ya isa. Matsalar ita ce ana turo wa Alhaji yana tsakiyar ciniki, ya leƙa a waya ya ga sunansa ya tura “ok”. Wannan ok ɗin ne ake biya daga baya. Ka tura wa ejan ɗinka da jami'in banki su ma su gani kafin ka amsa.

Ina da ejan mai kilyarin, me zai sa na wahalar da kaina?

Ejan bai ga kayan ba, kai ka saya. Shi abin da aka turo masa zai shigar, kuma in DN ta fito, wato takardar cikon diyuti, daga aljihunka za ta fita.

HS kod fa, wato lambar rukunin kaya da ake lissafin diyuti da ita, ba wanda mai kayana ya rubuta zan bi ba?

A'a, ka yi hattara. Lambobi 6 na farko ne duniya ta haɗu a kai, mu nan na ECOWAS muke bi mai lambobi 10, diyutin kuma matakai ne 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, banda VAT 7.5 da sauran caji. Mai kaya a Sin lambar da ta dace da fitar da kaya daga ƙasarsu yake zaɓa. Sannan masu ba da shawarar a rubuta kaya da sunan wani abu mai arhar diyuti, ko a sa “general goods” kawai, ni dai ban ga ribar ba, ranar da aka buɗe kwantena aka ga shadda inda aka rubuta wani abu daban, abin da aka rage bai kai rabin abin da za a kashe ba, in ma ba a kama kayan gaba ɗaya ba.

SONCAP da NAFDAC, ba za a iya yinsu bayan kaya sun iso ba?

SONCAP, wato satifiket ɗin ingancin kaya na hukumar SON, daga ƙasar da aka loda ake yinta, kuma kayan da SON ke sa wa ido, irin na lantarki, tayoyi, kayan wasan yara, ba za ka samu PAAR ba sai da ita. Abinci, magani, kayan kwalliya da sinadarai na NAFDAC ne. Ka duba sunan kaya da samfurin da ke satifiket ɗin ko su ne a inbois, ka kuma duba ranar ƙarewarta.

Ni ta kamfanin kago nake turo kaya, ba ni da kwantena tawa, ya shafe ni?

Ya shafe ka, don kwantena ɗaya kuke ciki ku da yawa. Mutum ɗaya ya cusa magani ko batura bai faɗa ba, kayan kowa sun tsaya. Ka ba su lissafin gaskiya na abin da ke katan ɗinka.

In ina so a sauke min a Kano ko Kaduna fa?

Tashar Dala da ke Zawaciki da aka buɗe a Janairun 2023, da ta Kaduna tun 2018, duk tashoshin tudu ne, amma tun daga Form M da BL za a rubuta can ne zangon ƙarshe, ka kuma tambayi kamfanin jirgin ko suna ba da BL har can. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram masu bi ta Lome ko Kwatano, a rubuta cewa kayan wucewa ne zuwa Nijar, a kuma yi takardar bibiyar kaya ta BSC, ta hukumar masu jigilar kaya ta Nijar wato CNUT, da wuri.

Jirgi ya riga ya taso yanzu na ga kuskuren, ya zan yi?

Yau ɗin nan ka sa wanda ya loda ya rubuta wa kamfanin jirgi neman gyara, daga Sin zuwa Legas makonni ne a ruwa, in aka gyara kafin a miƙa manifes abin da sauƙi. Ka sanar da banki don gyaran ya bi har Form M da PAAR in ya shafe su. In an riga an buga BL ta asali sai an mayar musu da ita dukka kafin su ba da sabuwa, don haka in tana hanya a DHL ka tambaye su ko za a iya komawa teles rilis, wato a saki kaya da umarnin kamfanin jirgi ba sai an kawo BL ta takarda ba.