Lambobin X da Y na takardar fili: tambayoyi da amsoshi

Mene ne ma'anar X da Y da mai awon fili ke rubutawa?

Adireshin kowace kusurwar fili ne, da mita. Galibin awon da ake yi a Nijar da tsarin UTM ne, wanda ya yanka duniya yanki 60, kowane yanki faɗin digiri 6. Ƙasarmu ta faɗa cikin uku: Yamai da Tawa suna yanki na 31, Maraɗi da Damagaram da Agadas na 32, Difa na 33. Y nisa ne daga layin ikwaita zuwa arewa. X kuwa ana ƙirga shi daga layin tsakiyar yankin, wanda aka ba lamba 500,000: tana ƙaruwa zuwa gabas, tana raguwa zuwa yamma. Shi ya sa X na Yamai ke wajen 404,000, na Tawa wajen 744,000.

GPS na waya bai isa ba?

Don gane unguwa ya isa. Don kafa dutsen iyaka, ko kusa. Kuskurensa kan kai mita 3 zuwa 5, abin da ya isa a ci wa maƙwabci katanga. Sai na'urar GPS ta masu awo guda biyu: ɗaya a kan alamar da aka san lambarta, irin waɗanda hukumar taswira ta ƙasa, IGNN, ke kula da su, ɗayar tana zagaya kusurwoyi. Da haka kuskure ke saukowa zuwa ƴan santimita.

Me ya sa tsohuwar taswira da sabon awo ke saɓawa?

Ginshiƙinsu ba ɗaya ba ne. An zana tsofaffin taswirori bisa siffar duniya ta Clarke 1880, GPS kuwa na aiki da WGS 84. Wuri ɗaya, lamba biyu, tazarar na iya kai mita 100 ko fiye. Lambar da ba a rubuta tsarinta da yankinta a gefe ba, kada a karɓe ta.

Nisan da aka auna a ƙasa daidai yake da na lissafi?

A'a, kuma nan ake yawan mantuwa. Shimfiɗa doron duniya a takarda na canza tsawo. A Yamai kowace kilomita na raguwa da kusan santimita 29, a Tawa tana ƙaruwa da kusan 33, don Tawa ta yi nisa da layin tsakiya. A filin gida ba a jin wannan, amma a shimfiɗa hanya ko bututun ruwa na kilomita 10 ya zama mita 3. Dole a saka wannan gyara cikin na'ura kafin a fara aiki.

Wane kuskure ya fi yawa wajen kwafe lamba?

Idan an ba da nisa daga ikwaita da digiri da minti maimakon mita: rubuta 13°30′ (digiri 13 da minti 30) a matsayin 13.30. Minti 30 rabin digiri ne, wato 13.50. Wannan kaɗai na gusar da rijiya ko makaranta kilomita 22 kudu da inda take.