Waiwaye Kan Kalmar "Sedition" da Tafiyarta a Kotuna

Kalmar "sedition", wadda masana shari'a ke amfani da ita wajen nufin tunzura jama'a su bijire wa hukuma, ba haifaffiyar Ingila ba ce. Tushenta Latin ne, inda "seditio" ta haɗa gaɓar da ke nufin warewa gefe da wadda ke nufin tafiya, kuma Rumawa suna faɗinta ne idan talakawa ko sojoji suka ja daga suka juya wa shugabanninsu baya. Ta shiga Ingilishi ta hannun Faransanci a ƙarni na 14, a lokacin kuwa ma'anarta tarzoma ce ta zahiri.

Sauyin da ya fi nauyi ya zo ne bayan injin buga littattafai ya yaɗu, masu mulki suka fara tsoron takarda kamar yadda suke tsoron takobi. A 1606 kotun Star Chamber, wata kotun sarki a Ingila, ta kafa ƙa'idar cewa ɓata sunan mai mulki a rubuce laifi ne ko da abin da aka rubuta gaskiya ne, bisa hujjar cewa hakan na zubar da kwarjinin gwamnati. Daga nan kalmar ta bar kan mai ɗaukar makami ta koma kan mai magana da mai rubutu, kuma a nan ne haɗarinta yake, domin ba a buƙatar kowa ya tayar da tarzoma kafin a kama mutum; ya isa alƙali ya gamsu cewa kalamansa suna iya sa a ƙi hukuma. Da irin wannan tuhuma aka samu marubuci Thomas Paine da laifi a Ingila a 1792, ba ya ma ƙasar.

Turawan mulkin mallaka sun ɗauki kalmar zuwa duk inda suka je. A Indiya sun sanya ta a sashe na 124A na dokar hukunta laifuka a 1870, da shi aka yanke wa Gandhi shekara 6 a 1922. A Najeriya an kafa dokarta a 1909, aka yi amfani da ita kan 'yan ƙungiyar Zikist, matasa masu fafutukar neman 'yancin kai, bayan laccar da Osita Agwuna ya yi a Legas a 1948, aka ɗaure shi tare da Anthony Enahoro da Raji Abdallah.

Abin damuwa shi ne dokar ba ta tafi tare da Turawa ba. A 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin da aka yi wa Arthur Nwankwo saboda littafin da ya soki Gwamna Jim Nwobodo na jihar Anambra, ta ce dokar ta saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki da tsarin mulkin 1979 ya tanada. Ita kanta Ingila sai a 2009 majalisarta ta shafe wannan laifi daga dokokinta.